Kalsiyam da Bitamin a Kiwon Tsaka Mai Zanen Damisa

Tsaka mai zanen damisa, wadda masana ke kira Eublepharis macularius, ita ce tsakar da aka fi kiwatawa a gida. Asalinta busassun yankunan Afganistan da Pakistan da arewa maso yammacin Indiya, kuma Edward Blyth ne ya fara bayyana ta a 1854. Ba ita ce tsakar bango da Larabawa ke kira wazag ba: mai zanen damisa tana da fatar ido, ba ta manne wa bango, tana kuma iya kaiwa shekara 15 zuwa 20 idan ta sami kulawa. Matasan Hausawa a Jidda da Makka da suka fara kiwonta sukan rikice a kan garin da ake barbaɗa wa abincinta, alhali lamarin bai wuce gwangwani uku ba.

Abincinta ƙwari ne masu rai: gyare, tsutsar gari da kyankyason kiwo. Matsalar ita ce waɗannan ƙwari sun fi ɗauke da fosfaras a kan kalsiyam, jikin tsaka kuwa yana son kalsiyam ya kusa ninka fosfaras sau biyu. Idan ya yi ƙaranci, jiki sai ya riƙa zaƙulo shi daga ƙashi. Muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, ka ga dabba tana karkarwa tana jan ciki, ta kai wa gyare cafka ta kasa riƙe shi. Ƙashin da ya riga ya karkace ba ya miƙewa, ko da an tsayar da cutar. Abin tausayi ne ƙwarai, domin garin 'yan riyal kaɗan ne ke hana shi.

Gwangwani na farko zallar kalsiyam ne. Ana zuba ƙwarin a leda, a sa ɗan gari, a girgiza har su yi fari-fari kamar an bi su da toka, sannan a ba ta nan take kafin su kakkaɓe. Masu kiwo da yawa na ajiye ɗan murfin kwalba da wannan gari a cikin akwatin da tsakar ke zaune, ta lasa idan ta so. Macen da ke shirin ƙwai ta fi kowa bukata.

Na biyu kalsiyam ne mai bitamin D3, wanda idan babu shi hanji ba ya tsotse kalsiyam yadda ya kamata. A nan ne mazauna Hijaz suka fi yin kuskure, suna ganin ƙasar da rana ta yi yawa haka ba za a rasa D3 ba. Fata na haɗa shi ne da hasken UVB, wani sashe na hasken rana, gilashin taga kuma yana tare wannan haske. Tsakar da ke ɗaki mai mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) da labule a sake ba ta samun komai daga ranar Jidda, fitar da akwatin gilashi cikin rana kuwa kisa ne, don zafi zai gasa ta. Mafita biyu ce: garin D3 sau ɗaya ko biyu a mako, ko kwan fitilar UVB mara ƙarfi da ake canzawa bayan wata 6 zuwa 12, saboda haskensa na raguwa tun yana ci. Wanda ya sa fitila ya rage garin, domin D3 na taruwa a jiki, yawansa kuma guba ne.

Na uku haɗin bitamin ne mai ɗauke da bitamin A, sau ɗaya a mako ko a mako biyu. Rashinsa na sa ido ya kumbura, saɓa ta maƙale a yatsu.

Ƙwarin ma ana ciyar da su karas da ganye awa 24 zuwa 48 kafin a ba da su. Sannan gefe ɗaya na akwati ya kasance da ɗumi, wajen digiri 30 zuwa 32, don sanyin mukayyif na hana ta narkar da abinci. Wanda ya ga rawar ƙafa ko laushin baki ya kai ta wurin likitan dabbobi, kada ya ƙara gari da ka.