Ba Kowace Ciyawa Ce Abincin Kunkuru Ba

Mutane da dama masu kiwon kunkuru a gida sun daɗe suna ganin cewa duk ciyawar da ta fito a lambu abinci ce gare shi, wai shi da kansa ya san mai guba zai kauce mata. Wannan kuskure ne, domin kunkurun da aka raba da dajinsa yakan gamu da tsire-tsiren da jinsinsa bai saba da su ba, kuma yunwa ko sha'awar fure mai launi na iya sa ya ci zaƙami ko zurma, waɗanda dukansu guba ne.

Gaskiya ne cewa ciyayi masu faɗin ganye, irin su dandeliyon (wata ciyawa mai fure rawaya), sun fi latas da 'ya'yan itatuwa amfani ga kunkuru mai cin ganye, saboda suna da harza da sinadarin kalsiyam da ƙoƙon bayansa yake bukata. Amma fasa-ƙabba, ko da yake ba guba ba ce, tana ɗauke da sinadarin okzalat mai yawa, wanda yake riƙe kalsiyam ya hana jiki amfana da shi, don haka kaɗan ake ba shi. Ciyawar da aka fesa wa maganin ƙwari kuwa, ko wace iri ce, haɗari ce.