Aron littafi ta waya a Akra: yadda ake yi da dalilin bin layi

Duk mai karatu a Nima, Mamobi, Sabon Zango ko Madina ya san littafin da ake turowa ta WhatsApp, wanda wani lokaci shafukansa ba su cika ba. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne laburaren gwamnati ma yana ba da littafi ta waya, na karantawa da na sauraro, ba sai mutum ya shiga turoturo ya nufi cikin gari ba. Ga tambayoyin da suka fi tasowa idan aka ɗauko zancen.

Ta yaya ake aron abin da ba a riƙe shi a hannu?

Za ka sauke manhajar da laburarenka yake aiki da ita, ka shiga da lambar katinka ko ka yi rajista, ka nemo littafin, ka danna wurin aro. Shi ke nan, ya shigo wayarka. Sai dai yana zuwa ne da makulli a jikinsa, kuma makullin yana lissafin kwanaki. A manyan manhajojin aro wa'adin yakan zama mako ɗaya, biyu ko uku. Ranar da ya cika, littafin zai rufe kansa ko da kana tsakiyar babi, ya koma hannun laburare. Babu tara, babu kunyar haɗuwa da ma'aikacin laburare a masallacin Juma'a alhali littafinsa ya shekara a ɗakinka. Wannan makullin ne kuma ya sa ba za ka iya tura wa aboki littafin ba. Sai dai shi ma ya ara da sunansa.

Mu da muke Akra, wace ƙofa ce tamu?

Hukumar Laburaren Ghana tana da tata manhajar, Ghana Library App, wadda ta fito a 2019, shekarar da hukumar ta ware domin raya karatu. Da ita ya kamata ka fara, domin an yi ta ne don mazauna ƙasar nan, ba wanda zai nemi ka kawo adireshin wata ƙasa. Hukumar ba ta jiya ba ce: tun 1950 take aiki, kafin samun 'yancin kai, kuma babban laburarenta na Akra yana nan a High Street. A Kumasi akwai na yankin Ashanti a harabar cibiyar al'adu. A 2021 kasuwar baje kolin littattafai ta Landan ta ba hukumar lambar laburaren shekara, sannan UNESCO ta naɗa Akra babban birnin littafi na duniya na shekarar 2023.

Shawarata ita ce ka taka da ƙafarka sau ɗaya. Ka je wurin ma'aikatan, ka yi katin zama mamba, ka miƙa musu wayar su nuna maka. Minti goma a gaban tebur ya fi awa guda kana lalube kai kaɗai.

Yayana da ke Bronx yana ta yabon Libby. Na sauke, amma ta ƙi ba ni ko littafi ɗaya. Me ya faru?

Ba abin da ya lalace. Libby ba kanti ba ce, kuma ba ta da littafin kanta. Manhaja ce ta kamfanin OverDrive na Amurka, an fito da ita a 2017, aikinta kawai ta haɗa ka da laburaren da ya biya kuɗin shiga tsarin. Abin da za ta fara tambayarka shi ne kati. Yayanka yana da katin laburaren birnin New York, wanda ake ba wa masu zama, aiki, karatu ko biyan harajin gida a jihar. Kai kuwa ba ka cikinsu. Haka manhajar Hoopla take, haka BorrowBox da ake amfani da ita a Ingila da Ostiraliya.

Daga nan ne wasu suka samu hanyar ci: su ce ka turo 'yan sidi ta MoMo su ba ka lambar katin wani laburaren Amurka. Kada ka biya. Ko dai lambar ta wani ce, ko an yi rajistar da adireshin ƙarya, kuma laburarukan suna rufe irin waɗannan katunan da zarar sun gano. Ranar da aka rufe, ba ka da wurin kai ƙara.

To in fayil ne, me ya sa za a ce in jira wani ya gama? Ai ba ya ƙarewa.

Wannan ita ce tambayar da ta fi ba mutane haushi, kuma suna da gaskiya. Ba na'ura ce ta gaza ba, ciniki ne ya zo da haka. Idan laburare ya sayi littafin takarda, ya zama nasa, zai yi ta ba da shi har bangon ya yage a ɗinke. Littafin waya kuwa ba a sayar masa, lasisi ake ba shi, tamkar hayar shago: kana ciki kana ciniki, amma mai gida ne yake yanka sharaɗi, kuma wa'adi yana cika sai ka sake biya ko ka kwashe kayanka.

Sharaɗin da ya fi yawa shi ne kwafi ɗaya, mutum ɗaya a lokaci guda. Laburaren da ya biya kwafi biyu, mutum biyu ne za su karanta, sauran su shiga layi. Sannan lasisin yana mutuwa. A 2011 kamfanin HarperCollins ya kafa dokar cewa bayan aro 26 sai laburare ya sake saye. Wasu manyan kamfanonin suna ba da na shekara biyu ne. Kuɗin da ake cajin laburare kuma yakan ninka wanda mutum ɗaya zai biya sau biyu, sau uku ko fiye. A ƙarshen 2019 kamfanin Macmillan har cewa ya yi kwafi ɗaya tak zai sayar wa kowane laburare a makonni takwas na farkon fitowar sabon littafi. Laburaruka suka yi ca a kansa, ya janye a watan Maris na 2020.

Hoopla ta bi wata hanya: babu layi, amma duk aron da aka yi laburare zai biya, shi ya sa ake ƙayyade wa kowa adadin da zai ɗauka a wata.

Kamfanonin suna cewa marubuci ma sai ya ci abinci, kuma wannan gaskiya ne. Amma idan laburarukan Amurka suna kuka da farashin, sai a auna wanda kasafinsa na sidi ne, lasisin kuma da dala. Don haka kada ka yi mamaki idan littafin da ake yayi a Landan wannan watan bai bayyana a wayarka ba.

Data fa? Kada in ari littafi kyauta in ƙare da sayen kati.

Littafin karantawa ba ya ci. Mai rubutu zalla bai cika wuce 'yan megabait ba, bai ma kai gajeren bidiyo ɗaya na TikTok ba. Na sauraro ne mai nauyi: awa ɗaya takan kai wajen megabait 30, wato littafin awa goma zai doshi 300. Dabarar ita ce ka sauke shi gaba ɗaya lokacin da ka samu Wi-Fi ko garaɓasar dare ta MTN ko Telecel, daga nan ka saurara ba tare da intanet ba. Ka duba saitin manhajar kada ta riƙa saukewa da datarka ba ka sani ba.

Sauraro ma karatu ne?

Ga tela a bakin keke, ko direban da ya maƙale a cunkoson Circle, ko dattijon da idonsa ya yi rauni, ai ba a ma tambaya. Ana iya rage saurin mai karantawa idan Turancinsa ya yi gudu, ana iya sa masa lokacin da zai yi shiru da kansa in barci ya ɗauke ka. Yaron da yake koyon haɗa baƙi ne dai bai kamata a bar shi da kunne kaɗai ba, sai ido ya ga rubutun.

Akwai na Hausa a ciki?

Nan ne gizo ke saƙar. Kaɗan ne ƙwarai, a kusan duk manhajojin nan. Hukumar Harsunan Ghana tana buga littattafai a harsuna 11, irin su Tuwi, Ga, Ewe da Dagbani, Hausa ba ta cikinsu, duk da cewa da ita ake ciniki da wa'azi a kowane zango daga Akra har Bawku. Littattafan Hausa na Kano da Zariya kuma ba ta hannun manyan dillalan lasisi suke bi ba. Marubutan yanzu a WhatsApp, Wattpad da YouTube suke haɗuwa da masu karatunsu. Laburare ba zai iya ba da aron abin da ba a ba shi izini a kansa ba.

Ga yara akwai mafita. African Storybook na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya duk suna da labaran yara masu hotuna da Hausa, kyauta, ba kati ba layi. Ga manya kuwa, ina ganin rabin laifin namu ne. Laburare yana kashe ɗan kuɗinsa ne a kan abin da ya ga ana nema. In malaman makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin matasan zango suka rubuta buƙata suka kai, da sunayen littattafan da suke so, akwai abin da ma'aikaci zai ɗora a teburin shugabansa.

In ba ni da kati ko ɗaya, shi ke nan na rasa?

A'a. Littattafan da haƙƙin mallakarsu ya ƙare na kowa ne. Project Gutenberg, wanda aka fara tun 1971, yana da fiye da 70,000, ka sauke ka riƙe har abada. LibriVox kuma, tun 2005, 'yan sa-kai ne suke karanta irin waɗannan da muryarsu. Tsofaffin littattafai ne, akasarinsu na Turanci, kuma muryoyin ba ɗaya ba ne: wani ya iya karatu, wani sai ka yi haƙuri da shi. Ka saurari babin farko kafin ka sauke sauran.