Ledar tare danshi da shimfiɗar ƙarƙashin daɓen laminet

Ledar tare danshi da shimfiɗar ƙarƙashi su ne abubuwa biyu da ake fara shimfiɗawa a kan daɓen asali, na kankare ko na katako, kafin a jera falankan laminet, wato falankan daɓe na matsattsen garin katako, a kai. Aikinsu ba ɗaya ba ne, ko da yake sau da yawa ana sayar da su a manne wuri guda. Leda tana hana tururin ruwa da ke tasowa daga ƙasa isa ga falanki. Shimfiɗa kuwa tana rage ƙarar takun ƙafa, tana cike ƙananan ramuka, kuma tana bai wa daɓen damar ɗan motsawa.

Tarihi

Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro daɓen laminet a shekarar 1977, ya sayar da shi da sunan Pergo. Ya shiga kasuwannin Turai wajen 1984, ya isa Amurka a 1994. Falankan farko da gam ake haɗa bakinsu, wanda hakan ke cin lokaci, amma gam ɗin yana ɗan toshe tsagar da ke tsakaninsu. A tsakiyar shekarun 1990 aka samu falankan da ke kama juna da kansu ba tare da gam ba: kamfanin Välinge na Suwidin ya fito da nasa wajen 1996, Unilin na Beljiyam ya biyo da nasa mai suna Uniclic a 1997. Kamfanonin biyu sun yi doguwar jayayya kan haƙƙin ƙirƙira.

Wannan sauyi ne ya ƙara wa abin da ke ƙarƙashi muhimmanci. Daɓen ba a buga masa ƙusa, ba a liƙa shi da ƙasa, yana kwance ne kawai a matsayin faifai guda mai faɗi. Wani ɓangare na nauyin da aka taka yana sauka a kan siririn bakin da falankai suka sarƙe, don haka idan shimfiɗar ta cika laushi, bakin yana lanƙwasa har ya karye.

Dalilin tare danshi

Cikin falankin laminet garin katako ne da aka matse da ƙarfi. Samansa yana jure ruwa na ɗan lokaci, amma cikin yana tsotse danshi ya kumbura, kuma idan ya kumbura ba ya komawa yadda yake ko ya bushe. Alamar farko ita ce gefen falankai ya ɗago, sannan wari da funfuna su biyo baya.

Kankare kuwa, ko ya yi shekaru, yana fitar da tururi ta ƙananan kafofinsa, musamman wanda ke zaune kai tsaye a kan ƙasa. Shi ya sa ake shimfiɗa ledar foliyetilin mai kaurin milimita 0.15 zuwa 0.2 a kansa. Ana ɗora gefen wata a kan wata da kimanin santimita 20, a liƙe da salatif, a ɗan ɗaga ta jikin bango yadda katakon gindin bango zai rufe ta. Sabon kankare ana barinsa aƙalla kwana 60 a ƙa'idar masana'antu da yawa, sannan a gwada shi. A Amurka ana amfani da gwajin gishirin kalsiyam kolorayid na ƙa'idar ASTM F1869, ko ma'aunin danshi da ake sakawa cikin ramin da aka huda a kankaren, na ASTM F2170. A Jamus ana bin gwajin CM, wato na kalsiyam kabayid, inda iyakar danshin daɓen siminti take kashi 2 cikin ɗari. Akwai kuma tsohuwar dabarar liƙa ƙyallen leda a ƙasa a dawo washegari a duba ko ya yi gumi. Tana nuna matsala idan akwai, amma rashin gumi ba shaida ba ce cewa kankaren ya bushe.

Leda ba ta maganin ruwan da ke ɓuɓɓugowa ko bututu mai yoyo. Wannan sai an gyara tushensa.

A kan daɓen katako, yawancin masana'antu suna hana sa leda, domin tana kulle danshi a jikin katakon ya ruɓe. Akwai saɓani kan sa leda a daɓen katako da ke saman rami mai laima a ƙarƙashin gida.

Ire-iren shimfiɗa

Mafi yawa ita ce soson roba mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Akwai ta ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, da ta matsattsen zare, da allunan garin katako masu kauri. A Turai ƙa'idar EN 16354 ce ke auna ingancinsu. Falankin da ya zo da shimfiɗa manne a bayansa ba a ƙara masa wata, leda kawai yake buƙata idan a kan kankare ne.

Shimfiɗa ba ta daidaita daɓe mai tudu da kwari. Abin da ya wuce kimanin milimita 5 a tsawon mita 3 sai an goge ko an cike shi tukuna. Ana kuma barin tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakanin falankai da bango.