Ƙuda a abincin hawainiyar gida

Ƙuda yana cikin ƙwarin da ake bai wa hawainiyar da ake kiwo a keji, musamman a Turai da Amurka inda wannan kiwo ya zama sha'awa har da kasuwarsa. Masu kiwon ba ƙudan bola suke kamawa ba. Na sayarwa ne, wanda aka hayayyafa a kan abinci mai tsabta. Darajarsa a wurinsu ta fi ƙarfi ta fuskar motsinsa, domin ta fuskar gina jiki bai isa ya riƙe hawainiya shi kaɗai ba.

Hawainiyoyi sun haura jinsi 200, kusan rabinsu a tsibirin Madagaska suke. Uku ne suka fi yawa a hannun masu kiwo: Chamaeleo calyptratus ta Yaman da kudu maso yammacin Saudiyya, mai tozo a ka kamar hula, Furcifer pardalis ta Madagaska, wadda namijinta ya fi saura ado, da Trioceros jacksonii ta Kenya da Tanzaniya, wadda namijinta ke da ƙaho uku. Ta yankinmu, Chamaeleo senegalensis, ita ma an daɗe ana fitar da ita daga Togo da Benin da Ghana zuwa kasuwannin waje ƙarƙashin dokar yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji tsakanin ƙasashe.

Dalilin da ya sa ƙuda

Hawainiya da ido take farauta, kuma abin da ya motsa shi take gani a matsayin abinci. Idanunta biyu kowanne da inda yake kallo, amma da zarar ɗaya ya hango ƙwaro sai ta juyo da kai, ta haɗa su biyun a kansa, ta ɗan buɗe baki kan harshen ya leƙo, ta dakata. Daga nan kuma sai dai a ga tana tauna. Harshen yakan kai ninki biyu na tsawon jikinta. A 2016 masanin dabbobi Christopher Anderson ya auna wata 'yar ƙarama ta Tanzaniya, Rhampholeon spinosus, ya tarar harshenta yana kai ninki biyu da rabi, da fizgar da ta ninka ƙarfin jan ƙasa sau 264. A shekarar ce kuma wani bincike ya nuna cewa yawun da ke kan harshen ya fi na mutum kauri wajen sau 400, shi ya sa abin da ya taɓa ba ya kuɓucewa.

Dabbar da aka halitta haka, idan kullum a kofi ake zuba mata gyare a gaban hancinta, ba ta samun inda za ta miƙe harshe. Wasu sukan gaji da abinci iri ɗaya su daina ci na kwanaki, abin da masu kiwo ke kira yajin cin abinci. A irin wannan hali ne ake sakin ƙudaje biyar ko goma a keji. Hawainiyar da ta kwana uku tana kawar da kai daga gyare sai a ga ta bar reshenta, tana takawa tana rangaji, ido na bin ƙudan da ya sauka a jikin raga.

Ire-iren da ake bayarwa

Na farko shi ne ɗan mitsitsin ƙudan nan da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba. Jinsi biyu ake kiwo: Drosophila melanogaster, wanda bai wuce milimita 3 ba, da Drosophila hydei da ya ɗan ɗara shi girma. Shi ne abincin farko na jariran hawainiya, waɗanda bakinsu ba zai ɗauki wani abu da ya fi haka ba, shi ne kuma abincin ƙananan jinsuna har girmansu. Waɗanda ake sayarwa irin da ba ya tashi ne, saboda wata tawaya ta gado a fiffike ko a tsokar tashi. Ana kiwonsu a kofin roba mai murfin yadi, da damammen garin dankali ko ayaba da yis a ƙasa, da zare-zaren katako a sama don su samu abin hawa. A zafin digiri 25, melanogaster kan tashi daga ƙwai zuwa babba cikin kwana 10 ko kusa da haka. Hydei ya fi shi jinkiri. Kofi ɗaya kan yi kamar wata guda kafin ya bushe ko ƙananan ƙwari su mamaye shi, don haka ake dasa sabo tun tsohon bai mutu ba. Idan kuwa ƙudan waje ya samu kafa ya shiga kofin, 'ya'yan da za a samu masu tashi ne, ranar da aka buɗe murfi sai ɗaki ya cika.

Ga matasa da manya akwai ƙudan gida, Musca domestica, da manyan ƙudajen nan masu sheƙin shuɗi ko kore na jinsin Calliphora da Lucilia. Waɗannan ana sayensu ne suna tsutsa ko sun riga sun shiga kwanso. Ana ajiye su a firji domin sanyi yana jinkirta ƙyanƙyasa, a riƙa ɗibar kaɗan ana sawa a ƙaramin mazubi cikin keji su fito da kansu.

Sai baƙin ƙudan soja, Hermetia illucens, wanda wasu masu kiwon kaji da kifi a Najeriya suka san tsutsarsa. Babbansa ya yi kama da zanzaro amma ba ya harbi ba ya cizo, kuma tashinsa a hankali ne. Tsutsarsa na daga cikin ƙalilan ɗin abincin hawainiya da ke da wadataccen kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi.

Giɓin da ƙuda ke bari

Ana so abincin hawainiya ya ƙunshi kalsiyam ninki biyu na fosfaros. Yawancin ƙwari, har da ƙuda da gyare, akasin haka suke. Idan aka daɗe a haka jikinta yakan koma jan kalsiyam daga ƙashi: ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya yi laushi, ta riƙa faɗowa daga reshe, harshe ya kasa kaiwa inda aka nufa. Wannan cutar ƙashi na cikin waɗanda suka fi addabar hawainiyar keji, ta fi kuma kama masu tasowa da matan da ke ɗauke da ƙwai.

Hanya biyu ake bi a toshe giɓin. Ana ciyar da ƙwarin da abinci mai kyau kwana ɗaya ko biyu kafin a ba da su. Ƙuda da ya ƙyanƙyashe akan sa masa ruwan zuma da garin furanni. Sannan ana barbaɗa musu garin kalsiyam. Da gyare wannan ba wuya, amma ƙuda sai an sa shi a firji na 'yan mintoci ya yi lis, a girgiza shi da garin a cikin leda, a sake shi kafin ya farfaɗo ya goge jikinsa. Duk da haka kalsiyam ba ya shiga jiki sai da bitamin D3, wanda fatarta ke haɗawa daga hasken rana ko fitilar UVB, mai ba da wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani. Gilashin taga yana tare wannan haske, don haka ajiye keji a bayan taga bai wadatar ba.

Ƙa'idar girma ita ce kada ƙwaro ya fi faɗin kan hawainiyar. Ƙananan hawainiyoyi kullum ake ba su, manya kuwa yau a ba su gobe a tsallake. Macen calyptratus da aka cika wa ciki takan ɗauki ƙwai fiye da ƙima ko da ba namiji, har wani lokaci ya maƙale mata. Ita wannan jinsin takan haɗa da ganye da fure, ke nan da a ƙasarta aka yi karin maganar nan ta "hawainiyarka ta kiyayi ramata", da mai ramar yana da hujja. Ruwa kuma ba kasafai take sha a kwano ba, sai ɗigon da aka fesa a kan ganye.

Na kamu daga waje

Masu kiwo sun rabu a kan ƙwarin da aka kamo a fili. Wasu na ganin sun fi na sayarwa bambancin abin gina jiki, wasu na gudun maganin feshi da tsutsar ciki. Ƙudan da ya tashi daga bola ko mushe ko masai babu mai gardamar cewa a bar shi. Akwai kuma masu dafi a jikinsu: ƙwaron nan mai walƙiya da dare na jinsin Photinus a Amurka, guda ɗaya tak kan kashe ƙadangaren kiwo. A yankin Sahel kuwa farar tumfafiya ce abin gudu, domin tana tara dafin ganyen da take ci a jikinta.