Ba asalin kalmar ke sa ta zafi ba

An daɗe ana cewa kalmar nan mai farawa da N, wadda ake zagin baƙaƙen Amurka da ita, ba ta da illa, wai ai "baƙi" kawai take nufi a harshen Latin. Asalinta ke nan, amma ba nan zafin yake ba. Da ita aka kira bawa ranar da aka yi gwanjonsa, aka raba shi da 'ya'yansa. Bayan soke bauta a 1865 ma, da ita aka riƙa ihu ana rataye mutane a bishiya. Shi ya sa ban yarda a haɗa ta da baƙar maganar da ake yaɓa wa Bature ba, ko da yake ita ma zagi ce. A 2007 ƙungiyar NAACP, mai kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, har jana'izar kalmar ta yi a birnin Detroit, da akwatin gawa.