Git ko SVN? Ga amsa, a huta da kirana da dare

Tun da muka fara ɗan zaman koyon rubuta manhaja a bayan shagon caji a nan gefen Ringim, tambayoyin nan kan Git da SVN, wato manhajoji biyu masu adana tarihin duk gyaran da aka yi wa rubutun manhaja, su ne dai kullum, wani ma sai bayan isha'i zai bugo min waya. To ga su, dan Allah a karanta.

Wai meye bambancinsu?

Ku ɗauki adashe. SVN littafi ɗaya ne a hannun uwar adashe, duk zubin da za ka yi sai ka je gidanta an rubuta, in ta yi tafiya sai dai ka jira. Git kuwa kowa na riƙe da kwafin littafin tun daga shafin farko, ka rubuta naka a ɗakinka ko babu netwok, in kun haɗu ku daidaita. Shi kenan.

Git da GitHub ba abu ɗaya ba ne?

A'a, na faɗa har bakina ya gaji. Git manhaja ce a kwamfutarka, Linus Torvalds ne ya rubuta ta a 2005 bayan an hana masu aikin Linux amfani da BitKeeper, manhajar da suke adana aikinsu da ita, kyauta. GitHub kamfani ne mai ajiye wa mutane ayyukansu na Git a intanet, ya zo a 2008, Microsoft ta saye shi a 2018.

Na yi komit, ai aikina ya tsira ko?

Bai tsira ba! Komit, wato rubuta gyaranka cikin littafin tarihin, a cikin laftof ɗinka yake zaune sai ranar da ka tura shi wani wuri irin GitHub. Wani yaro a cikinku ya yi sati uku yana komit kullum, yana cewa sai ran kasuwa zai sayi data ya tura, ruwan sama ya zubo ta rufin ɗaki a kan laftof ɗin, ya kawo min ita cikin leda tana ɗiga, wallahi har yau abin na ci min rai. Tura rubutun manhaja ba ya cin wata datar kirki, wadda kuke ƙonawa a TikTok ta fi ta nesa ba kusa ba.

SVN ya mutu kenan?

Bai mutu ba. Masu saka filogin, wato ƙananan ƙarin manhaja, a rumbun WordPress na gina shafukan intanet har yanzu da shi suke turawa. Amma manyan ayyuka sun yi ƙaura, Python ta koma GitHub a 2017, FreeBSD ta koma Git a 2020.

Mu huɗu ne, muna haɗa manhajar koya wa yara karatun Hausa, a buɗe za mu sake ta kowa ya sa hannu, akwai muryoyi da hotuna masu yawa, data kuma tsada. Wanne za mu ɗauka?

Yauwa, wannan ita ce tambaya, kuma ba zan ce muku Git kai tsaye ba duk da can na fi karkata. Matsalar ita ce Git ba ya yar da komai, in kuka sake ɗaukar muryar harafi ɗaya sau biyar duka biyar ɗin suna nan cikin tarihi, duk wanda ya zo kwasar aikin sai ya sauke su da datarsa, ga shi GitHub ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce megabayit 100. A nan SVN ya fi sauƙi gaskiya, don za ka iya ɗauko folda ɗaya kawai ba tarihi, har ka kulle fayil kada wani ya taɓa kana kai. Amma fa SVN sai da saba a kunne, wato kwamfutar da ke riƙe da littafin, to a ina za ku ajiye ta, wa zai biya, in kuma a shago ce solar za ta riƙe ta har dare? Wanda ke ƙauyen da sai ya je gindin tankin ruwa yake samun sabis, ba zai iya ko komit ba sai ya taka ya je can. Shi ya sa ni da ni ne, rubutun manhajar in sa shi a Git, muryoyin in ware su daban, ko da Git LFS, wato ƙarin Git na ajiye manyan fayiloli, in kuna da hali, sai dai shi ma kyautarsa na da iyaka, ku duba kafin ku zuba komai. Ranar da netwok ya ƙi kwata-kwata akwai git bundle, yana naɗe aikin cikin fayil ɗaya ka sa a filash ka ba ɗan acaba ya kai. In kuma muryoyin ne kusan duk aikin, kuma dukkanku a gari ɗaya kuke ga wuta ga sabis, to ba zan yi muku faɗa ba in kun ɗauki SVN. Sai dai ku tuna kun ce a buɗe za ku sake shi kowa ya sa hannu, baƙon da zai taimaka daga Kano ko Yamai da Git zai zo, a SVN kuwa sai kun ba shi izini kafin ya iya komit ko ɗaya.

Mun haɗa aiki Git ya ce akwai rikici, na lalata ne?

Kwantar da hankalinka ƙanena, ba abin da ya lalace. Layi ɗaya kuka gyara ku biyu, shi ne yake tambaya na wa zai bari. Buɗe fayil ɗin, kira abokin naka ku zaɓa, ka goge alamomin da Git ya sa a wurin, ka yi komit. Kada dai ka share foldar ka sake saukewa, datar taka ce za ta tafi.