Waiwaye: Yadda jam'iyyar Labour ta raba gari da Yahudawan Birtaniya

Tun 1920 ƙungiyar Yahudawa 'yan ƙwadago ta Poale Zion ta shiga inuwar jam'iyyar Labour, kuma shekara da shekaru ita ce babban gidan siyasar talakawan Yahudawa na gabashin Landan. Kusan ƙarni guda bayan haka, jikokinsu suka tsaya a dandalin majalisar dokoki, ranar 26 ga Maris 2018, suna ɗaga kwalaye masu cewa abin ya isa haka, kan zargin ƙyamar Yahudawa a cikin jam'iyyar.

Jeremy Corbyn ya hau shugabancin jam'iyyar a Satumban 2015, da suna na mai kare Falasɗinawa. Wannan ba laifi ba ne, kuma ba nan gizo ke saƙa ba. A Afrilun 2016 aka dakatar da 'yar majalisa Naz Shah kan wani abu da ta yaɗa a Facebook da aka ce ƙyamar Yahudawa ne. Ita ta amsa kuskurenta, ta nemi afuwa. Sai Ken Livingstone, tsohon magajin garin Landan, ya shiga gidan rediyo don kare ta, ya ce wai Hitler ya goyi bayan Sahyoniyanci, wato aƙidar kafa wa Yahudawa ƙasarsu, kafin ya haukace. Garin gyaran gira ya rasa ido. Shami Chakrabarti, lauyar da Corbyn ya ɗora wa binciken matsalar, ta ce jam'iyyar ba ta cika da ƙyamar Yahudawa ba, 'yan makonni kaɗan sai aka ba ta kujera a majalisar dattawa da sunan Labour. Ko da bincikenta tsaf yake, wa zai yarda?

Abin da ya fi ƙona rai wani zane ne a jikin bango a gabashin Landan: attajirai masu dogayen hanci, irin yadda maƙiya Yahudawa ke zana su, suna caca a kan allon da aka ɗora a gadon bayan talakawa tsirara. A 2012 Corbyn ya nuna goyon baya ga mai zanen. Da maganar ta fito a 2018, sai ya ce bai duba hoton da kyau ba. Luciana Berger, 'yar majalisa Bayahudiya ta Labour wadda ta tono batun, sai da 'yan sanda suka raka ta taron jam'iyyarta a Liverpool. A Fabrairun 2019 ta fice tare da wasu shida, cikinsu har da Chuka Umunna, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne.

Labour ta sha ƙasa a zaɓen Disamban 2019 irin wadda ba ta sha ba tun 1935. A Oktoban 2020 hukumar kare daidaito da haƙƙin ɗan Adam ta ce jam'iyyar ta karya doka, har ofishin shugaba yana tsoma baki cikin ƙorafe-ƙorafe. Corbyn ya ce abokan hamayya sun zuzuta matsalar, nan take aka dakatar da shi.

Keir Starmer, wanda ya gaji Corbyn, ya nemi gafarar Yahudawa, amma rahoton binciken lauya Martin Forde na 2022 ya buɗe wani shafin: baƙaƙen fata da Musulmin jam'iyyar na ganin kukansu baya yake zuwa a layi, ga kuma saƙonnin cin mutuncin Diane Abbott, 'yar majalisa baƙar fata, da manyan ma'aikatan jam'iyyar suka riƙa tura wa juna. Berger ta dawo Labour a Fabrairun 2023. Bayan wata biyu aka dakatar da ita Abbott ɗin, kan wasiƙar da ta ce abin da Yahudawa ke fuskanta tsangwama ce, ba wariyar launin fata ba.